Labarin Jirage Biyu Masu Tutar Sarkin Ingila, Da Wanda Ya Bi Ta Gaban Illo

Ku sani, ya jama'a masu karatu, a shekarar 1805, wadda ta yi daidai da 1220 ta Hijira, akwai waɗansu jiragen ruwa biyu masu ɗauke da tutar Sarkin Ingila Joji na Uku, waɗanda ya kamata a jera labarinsu wuri ɗaya. Ɗaya ƙato ne mai igwa 104, sunansa Victory, watau cin nasara. Yana nan har yau a tashar Portsmouth ta Ingila, shekarunsa sun kai 260. Ɗayan kuwa ɗan ƙanƙane ne, sunansa Joliba, bai ko cika wata 6 a duniya ba. Amma shi ne jirgin Turawa na fari da ya taɓa bi ta gaban Illo a kan kogin Kwara, saboda haka mutanen wannan gaɓa suna da rabo a cikin labarinsa.

A fara da babban. An kafa gindin Victory a Chatham cikin 1759, aka tura shi ruwa ran 7 ga Mayu 1765. Itatuwa wajen 6,000 aka sare dominsa, yawancinsu wani itace ne mai tauri na ƙasarsu da su ke kira oak, wanda a wurin ƙarfi sai a kwatanta shi da maɗaci ko ƙirya. Ba shi da inji, ba ya cin gawayi ko mai. Iska ce kaɗai ke kora shi, tana bugun filafilai na zane mai kauri da a ke ɗaurawa a jikin dogayen jigogi uku. In iska ta kwanta, shi ma ya kwanta. Igwoginsa suna jere a benaye uku, kowace da tagarta a haƙarƙarin jirgi, na benen ƙasa suna jefa dunƙulen ƙarfe mai nauyin laba 32. Yaƙi da irinsa kuwa sai an juya gefe an ba abokin gaba haƙarƙari, kana a saki wuta gaba ɗaya. Mutum fiye da 800 ke zaune cikinsa, su ci, su kwana, su ja igiya.

Abin mamaki, da aka gama shi ba yaƙi, sai aka ɗaure shi a bakin kogi ya yi shekara 13 yana zaman banza. Sai a 1778 ya fita, ya kara da Faransawa. A 1780 aka lulluɓe cikinsa da fallayen jan ƙarfe, domin akwai wata tsutsar teku mai huda katako, da ciyayi masu manne wa jirgi su rage masa gudu. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga kunnen Kabawa, gama masu tarihin Kabi suna faɗi cewa Muhammadu Kanta, tun fiye da shekara 200 kafin wannan, yana da wani babban jirgi mai rufin jan ƙarfe da matuƙa 50, wanda ya kan shiga in ruwa ya cika ya zaga garuruwansa.

Victory ya yi ta yaƙe-yaƙe har 1797, sa'an nan masu duba jirage suka ce ya tsufa, aka kwashe igwoginsa aka mai da shi asibitin fursunonin yaƙi. Da a nan labarinsa ya ƙare, sai wani babban jirginsu ya hallaka a 1799, aka rasa madadi, aka ce a gyara tsohon. Gyaran ya ci shekara 3. Kuɗin gininsa tun farko fam 63,176 ne, na gyaran kuwa fam 70,933. Watau gyara ya fi gini tsada.

Wannan tsohon da aka gyara shi ne Nelson, babban sarkin yaƙin ruwa na Ingila, ya hau ran 21 ga Oktoba 1805, ya ja jirage 27 ya auka wa 33 na Faransa da Sifen a gaɓar Andalus, a wani wuri da a ke kira Trafalgar. Farkon sunan nan ma Larabci ne, ɗarafi, watau gefen ƙasa, gadon zamanin da Musulmi ke mulkin wurin. Ingilishi suka ci nasara, amma aka harbi Nelson a bisa jirginsa ya mutu, har da shi mutum 57 ne suka mutu a cikin jirgin. Victory ya fita yaƙin a ragargaje, sai janyo shi aka yi zuwa Jabal Ɗariƙ aka ɗaɗɗaure shi, kana ya koma gida. Aka sake gyara shi, ya yi aiki a tekun arewa har 1812. Daga nan bai ƙara fita yaƙi ba. Ya yi shekara 110 yana tsaye cikin ruwan tashar Portsmouth, wani lokaci mazaunin babban hafsa, wani lokaci makarantar 'yan jirgi. A 1903 wani jirgin ƙarfe da a ke ja ya kuɓuce ya tunkuye shi, ya huda masa ciki, ya kusa nutsewa. A 1922, da aka ga ruɓa ta cinye shi, aka shigar da shi wani babban rami mai ƙofa aka janye ruwan, jama'ar ƙasa suka tara kuɗi aka gyara shi. A 1941 bam na Jamus ya faɗi kusa da shi ya ji masa rauni. Har yau sunansa bai fita daga littafin jiragen yaƙin Ingila ba, kuma ba jirgin yaƙi a duniya da ya kai shi daɗewa cikin irin wannan littafi.

Wanda ya duba wannan da idon basira zai ga ba taurin oak ne ya raya shi ba. Kaɗan ne ya rage a jikinsa na ainihin itacen 1765, saura duk canji ne. Abin da ya raya shi tudu ne: tashar da zai koma, da kafintocin da ke jiransa, da mutanen da suka yarda su biya. Kowane mai kwalekwale a Giris ya san wannan, gama jirgin da ba a fid da shi gaɓa a toshe shi a sake masa katako, damina biyu ta ishe shi.

To, a cikin makon nan da a ke ɓarin wuta a Trafalgar, akwai wani Bature a bakin Kwara, can yamma a garin Sansanding na ƙasar Bambara, yana fama da guduma da ƙusa. Shi ne Mungo Park, likita, mutumin Sikotlan. Ya taɓa zuwa ya ga kogin a Segu cikin Yuli 1796, ya koma ya shaida wa mutanensu gabas ya ke gudu. Gwamnatinsu ta sake aiko shi ya bi shi har ya ga inda ya ƙare, shi kuwa a zatonsa Kwara ita ce ke zama kogin Kwango. Daga tashar Portsmouth ɗin nan ya taso a ƙarshen Janairu 1805, da kafintoci 4 waɗanda za su gina masa jirage in an kai kogi, ya ɗebi sojoji a tsibirin Gore. Suka bar kogin Gambiya cikin Mayu, damina na bisa kai. Zazzaɓi da atuni suka yi ta ɗibarsu a hanya. Da suka hangi Kwara a Bamako cikin Agusta, kashi uku cikin huɗu sun riga sun mutu. Kafintocin nan ba wanda ya rayu har ya sa hannu a aikin da aka kawo shi dominsa.

Sarkin Segu, Mansong, ya ba shi iznin wucewa, ya yi masa alkawarin jirgi. Kafin jirgin ya zo Park ya kafa rumfa a kasuwar Sansanding yana sayar da hajarsa don ya sami wuri, har rana ɗaya ya yi cinikin wuri 25,756. Jirgin da aka kawo masa rabinsa ruɓaɓɓe ne. Aka nemo wani rabin, shi da wani soja guda mai suna Abraham Bolton suka yanke ruɓar, suka haɗa masu kyau, kwana 18 suna aiki. Abin da ya fito tsawonsa ƙafa 40, faɗinsa ƙafa 6, gindinsa shimfiɗaɗɗe, ko an yi masa lodi ƙafa ɗaya ya ke shiga ruwa. Ya sa masa filafilai, ya sayi fatun shanu ya yi masa rumfa don tare mashi da kibiya. Ya kira shi jirgin Mai Martaba Sarki, Joliba, da sunan da Mandingo ke kiran kogin, ya kafa masa tuta. Victory kuwa faɗinsa kaɗai ya fi tsawon Joliba duka.

Cikin kwanakin aikin surukinsa Anderson ya rasu. A takardar da ya rubuta wa wazirin Ingila ran 17 ga Nuwamba ya ce cikin Turawa 44 da suka baro Gambiya 5 suka rage: shi, da Laftana Martyn, da soja 3, ɗaya ma ya taɓu. Ya ce ko dai ya ga ƙarshen kogin ko ya mutu a kansa. Ya ba jagoransa na tudu, wani ɗan kasuwa mai suna Isaaco, takardunsa ya kai bakin teku. Bayan kwana biyu suka saki igiya, su 9: Turawa 5, da bayi 3 masu tuƙi, da tafinta Amadi Fatuma wanda ya yi alkawarin kai su ƙasar Hausa.

A nan ne aka yi kuskuren da ya ci jirgin. Kwara ba daji ba ce da ba mai shi. Kowane yanki nata da sarkinsa, da sarkin ruwansa, da masu fito, da abin da a ke biya. Baƙo in ya iso ya kan tsaya ya aika da gaisuwa, a tambaye shi inda ya fito da inda za shi, a ba shi masauki, in zai tashi a haɗa shi da wanda ya san duwatsun gaba. Kuɗin da ya biya ba na wucewa kaɗai ba ne, na sanin hanya ne. Park ya ƙudura ba zai sauka ba. Zai bi tsakiyar ruwa, bindigogi a ɗure dare da rana, duk jirgin da ya matso a harbe shi.

Adalci ne a faɗi dalilinsa. A tafiyarsa ta fari wani sarkin Larabawan hamada mai suna Ali ya tsare shi watanni, aka ƙwace kayansa, aka wulakanta shi, da ƙyar ya tsere. Tsoron nan bai bar zuciyarsa ba. Ga shi kuma da mutum kaɗan, marasa lafiya. Amma uzurin mai tsoro ba ya ta da wanda ya harbe. Bisa ga abin da Amadi Fatuma ya ba da labari daga baya, tun daga tabkin Debo aka fara. Suka wuce Kabara, mashigin Tambutu, ba su tsaya ba. Suka yi ta karo da jiragen mutanen kogi da na Buzaye, a wani wuri har jirage 60 suka biyo su, suka kashe mutane da yawa. Amadi ya ce sai da ya kama hannun Martyn ya ce a bari haka, kisan ya isa, Martyn ya tasam ma kashe shi, Park ya raba. Dorina ta kusa kife su, suka hau dutse suka sauka da ƙyar, Bature guda ya mutu da ciwo. Duk da haka jirgin da aka haɗa da rabi biyu na ruɓaɓɓen kwalekwale ya ci fiye da mil 1,000. Wannan kam a yaba wa masu gininsa.

A farkon 1806 suka gangaro ta Gawo, da Sayi, da Gaya, suka shigo ruwan Illo, gama mai zuwa Yawuri daga Dandi ba shi da wata hanya sai nan. Illo a lokacin gari ne na Bargu, sarautarta 'yar'uwar ta Busa da ta Nikki ce bisa ga labarin Kisra da a ke gada. Garin yana ɗan nesa da ruwa, mashiginsa Giris, inda fataken goro masu zuwa Gwanja ke ƙetarewa. Wuri ne da baƙo zai sami abinci da labarin gaba. Labarin gaba kuwa a shekarar nan mai nauyi ne ƙwarai. Cikin Afrilu 1805 rundunar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a hannun ƙanensa Abdullahi, ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Shehu ya koma Gwandu da zama. A ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Alwasa, inda jama'ar Shehu suka sha wuya. Ƙasa duk ta ɗauki zafi, kowane gari na bakin kogi yana sauraron ta inda mahara za su ɓullo. Cikin wannan hali ne wani jirgi mai rumfar fata, da fararen mutane riƙe da bindigogi, ya ratso ba sallama.

A Yawuri, zamanin Sarki Albishir ɗan Ayi, alkawarin Amadi ya cika, ya sauka. Daga nan riwaya ta rabu biyu. Amadi ya ce Park ya ba wani hakimi na bakin ruwa zobban azurfa 5 da albarushi da ƙanƙarar bindiga ya kai wa Sarki. Hakimin ya tambaya ko Baturen zai komo ta nan, aka ce ba zai komo ba, sai ya danne kayan, ya aika wa Sarki cewa baƙin sun wuce ba su ba da kome ba. Sarki ya husata, ya sa aka ɗaure Amadi, ya tura mayaƙa su tare jirgin a Busa. Mutanen Yawuri kuwa abin da suka faɗa wa Turawan da suka zo daga baya dabam ne. Suka ce Sarki ya karɓi baƙin da kyau, ya gargaɗe su a kan duwatsun da ke gaba, ya ce su bi ta tudu ko su jira jagora, suka ƙi. Kowane ɓangare yana da abin da ya ke karewa, Amadi yana wanke kansa daga barin ubangidansa, Yawuri tana wanke kanta daga jini. Amma riwayoyin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya, jirgin ya bar Yawuri ba tafinta, ba wanda ya san ruwan. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, to, a cikin jirgin nan ba sauran mai bakin tambaya.

A Busa kogin ya rarrabu tsakanin duwatsu. Joliba ya hau dutse ya maƙale. Mutane suka taru a gaɓa, aka yi ta harbi da kibau da masu, na cikin jirgi suna mai da wuta, suna zubar da kaya cikin ruwa don ya yi sauƙi. Da abin ya gagara Park da Martyn da sauran Turawa suka faɗa ruwa, ruwa ya cinye su. Bawa guda ya tsira. An faɗa wa Richard Lander daga baya cewa mutanen Busa sun ɗauke su ne a kan 'yan gaba na rundunar Fulani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya karɓi Clapperton a Sakkwato cikin 1824, ya ce masa da sun zo da damina da sun wuce duwatsun, gama da rani ruwa kan janye sai ta wuri guda jirgi ke bi. Wannan ilmi ne da kowane masunci na Yawuri ke da shi kyauta.

Sai a 1810 Gwamnan Ingilishi na Sanagal ya aiki Isaaco neman labari. Ya sami Amadi kusa da Sansanding, ya ji abin da ya faru. Abin da aka iya samowa daga Yawuri ɗamarar takobin Park ce, Sarki ya mai da ita majanyin sirdin dokinsa. Ɗan Park, Thomas, bai yarda ubansa ya mutu ba, ya biyo sawu a 1827, ya mutu a ƙasar da a ke kira Gana yanzu tun bai yi nisa da teku ba. A 1830 Lander da ƙanensa John suka iso Busa, aka nuna musu wani littafin lissafin matuƙa jirgi da aka tsamo daga Joliba. Su ne suka nemi kwalekwale a hannun sarakunan wurin, suka gangara har teku cikin Nuwamba na shekarar, aka tabbata Kwara ba Kwango ba ce.

Bashin jinin da Joliba ya bari waɗansu ne suka biya. Gordon Laing, da ya nufi Tambutu ta hamada, ya rubuta tun yana hanya cewa harbe-harben Park sun ɓata wa duk Baturen da zai biyo baya. Buzaye suka sassare shi a hanya, ya warke, ya shiga Tambutu, aka kashe shi bayan fitarsa cikin 1826. Barth, wanda a ƙasar nan aka sani da Abdulkarim, ya bi gaɓar kogin tsakanin Tambutu da Gawo a 1854, ya tarar da tsofaffi ba su manta da jirgin ba, bayan shekara kusan 50.

Shekara 90 bayan Joliba wani hafsan jiragen yaƙi na Faransa, Laftana Hourst, ya biyo wannan hanya da jirage 3, babbansu Davoust, na alminiyam, ƙarfen nan da a ke tukunya da shi. Shi ya karanta labarin Park ya ɗauki darasi. Aka ba shi shawara ya ce shi ɗan ɗan'uwan Abdulkarim ne, ya kuwa faɗa, ko da ya ke ba su haɗa ko ƙasa ba. Ya aika wa Madidu, sarkin Buzayen Iwillimidan, da gaisuwa da kyauta, ya ratsa ƙasarsu ba faɗa. Ya yi wata 5 a wani tsibiri kusa da Sayi yana jiran ruwa ya cika, ya tsaya a mashigin Illo, ya wuce duwatsun Busa cikin Oktoba 1896, ya fita teku da jiragensa.

Sai dai kada mai karatu ya yi saurin sa masa albarka. Mai harbin ya wuce bai ɗauki ko taki ɗaya na ƙasar kowa ba. Mai gaisuwar kuwa yana gaisuwa yana auna zurfin ruwa, yana zana taswira. Ba a yi wata 4 da wucewarsa ba, a farkon 1897, wani hafsan jiragen Faransa, Bretonnet, ya ɓullo ta tudu daga Dahomi ya kafa tuta a Illo, ya wuce ya zauna a Busa. Ingila ta ce ba ta yarda ba, har sojojin ƙasashen biyu suka yi cirko-cirko a Bargu. Ran 14 ga Yuni 1898 suka daidaita a birnin Faris, ba a tambayi Sarkin Illo ba, ba a tambayi na Busa ba. Aka ce iyaka za ta taɓa Kwara a mil 10 sama da Giris. Illo ta faɗa rabon Ingila, 'yar'uwarta Nikki ta faɗa na Faransa. Asalin iyakar nan ke nan da ke tsakanin ƙasar Bagudo da Jamhuriyar Benin, wadda mai zuwa gaida dangi ke tsayawa a kanta a duba masa takarda.

Victory yana nan a raminsa na Portsmouth, an tokare shi da sandunan ƙarfe, kafintoci suna ɓamɓare ruɓaɓɓen katako suna sa sabo, baƙi suna biyan kuɗi suna shiga kallo. Tsohuwar Busa kuwa, da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe ta, aka mai da mutanenta Sabuwar Busa. Duwatsun da suka kama Joliba suna ƙarƙashin tabkin, masunta suna jefa taru a bisansu.